Tsarin Hadaya Da Haƙƙin Talaka A Gaban Allah

A ƙarshen Littafin Fitowa, bayan da Isra'ilawa suka kammala aikin alfarwa ta sujada a gindin Dutsen Sina'i, suka kafa ta ran ɗaya ga watan fari na shekara ta biyu da barinsu Masar, suka ajiye kowane kaya nata a muhallin da aka ƙayyade masa, sai girgije ya sauko ya lulluɓe ta, ɗaukakar Ubangiji ta cika ta, har Annabi Musa da kansa, mutumin da ya yi kwana 40 a bisa dutsen yana karɓar umarni, ya tsaya a waje, shiga ta gagare shi. A nan littafin ya dasa aya, ya bar mai karatu da mas'ala mai nauyi: ga Allah Maɗaukaki ya yarda ya sauka a tsakiyar zangon mutanen da ba su daɗe da yi wa ɗan maraƙin zinariya sujada ba, to, ta wace ƙofa ɗan Adam zai matso kusa da shi, ya kuma koma gida da ransa? Littafin Firistoci, wanda ya biyo baya, jawabin wannan mas'ala ne, babi 7 na farkonsa kuwa babu kome a cikinsu sai bayanin hadayu, irinsu da sharuɗɗansu da yadda ake miƙa su daki-daki.

Tun shekarar 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bisa ƙoƙarin Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa, waɗannan babobi suna hannun Kirista masu jin Hausa, amma da wuya ka ji fasto ya hau mumbari ya buɗe su. Mai karatun da ya ƙudura niyyar sauke littafin daga bango zuwa bango ma, galibi a nan gwiwarsa take yin sanyi, in ya tsinci kansa cikin zancen kitse da ƙoda da toka. Waɗansu kuma hujjarsu a shirye take, su ce ai wannan tsohuwar shari'a ce, Almasihu ya cika ta, me kuma ya rage mana a ciki? Ni dai ina ganin abin da ya rage yana da yawa, sai dai ba a inda aka saba nemansa yake ba. An saba ɗaukar tsarin sujada a kan ƙunci ne da aka ɗora wa masu ibada, alhali kuwa wanda ya karanta waɗannan babobi da natsuwa zai tarar mafi yawan ƙuncin a kan manya ya faɗa, wato firist da sarki. Talaka kuwa tsarin ne ya share masa hanya, ya tsare masa haƙƙinsa na zuwa gaban Mahaliccinsa ba tare da ya nemi alfarmar kowa ba.

Bari mu tsaya tukuna mu dubi mutum guda da ya zo da hadaya ta ƙonawa. Farfajiyar alfarwa kamu 100 ce a tsawo, 50 a faɗi, an kewaye ta da labule, ƙofarta ɗaya tak tana duban gabas, abin da mai shiga zai fara iskewa kuwa shi ne bagade, wanda aka yi da katako aka dalaye shi da tagulla, kamu 5 kowane gefe, tsayinsa kamu 3. Mutumin nan ya jawo ragonsa, namiji marar aibu, wanda ya zaɓo daga cikin garke bayan ya duba masa ido da ƙafa da fata. Ya ɗora hannu a kansa, domin a shaida nasa ne, a madadinsa kuma yake. Sa'an nan shi da kansa, ba firist ba, zai sa wuƙa ya yanka a gefen arewa na bagaden. Aikin firist shi ne ya tari jinin ya yayyafa a jikin bagade kewaye, ya gyara itace a kan wuta, ya jera gunduwoyin naman da kai da kitse a bisa itacen, kayan ciki da ƙafafu kuwa sai an wanke su da ruwa kafin su hau. Duk wanda ya taɓa fiɗar dabba ya san wannan aiki ba na gaggawa ba ne, kuma ba ya yiwuwa da hankali a wani wuri. Mai sujada a Isra'ila bai zo kallo ba. Hannunsa ya taɓa jini, rigarsa ta ɗauki ƙaurin hayaƙi, abin da ya kiwata shekara guda ya ƙone a gabansa yana tsaye, kuma babu ko tsoka ɗaya da zai koma gida da ita.

Abin lura a nan shi ne wa aka yi wa jawabin tun da fari. Ba a kira babban firist Haruna da 'ya'yansa a asirce aka damƙa musu waɗannan ƙa'idodi su zama sirrin sana'arsu ba. Musa aka umarta ya faɗa wa jama'ar Isra'ila baki ɗaya, sai daga baya, a babi na 6 da na 7, aka juya ga firistoci da nasu bayanin. Ma'anar wannan ita ce makiyayi da manomi sun san abin da firist ya sani. Sun san fatar hadaya ta ƙonawa ta firist ce. Sun san a hadaya ta salama rabonsa ƙirji ne da cinyar dama, kitse na wuta ne, sauran naman kuwa na mai hadaya ne da iyalinsa. Har sun san cewa in firist ne ya kawo hadayar gari domin kansa, ƙone ta za a yi ƙurmus, ba shi da ikon ya kai ko loma ɗaya bakinsa, don kada ya ba Allah da dama ya karɓe da hagu. Inda rabon shugaban addini yake a rubuce, kowa kuma ya haddace shi, ƙari ba ya samuwa sai da ƙarfi, kuma ba wanda zai kira ƙarfin nan ibada.

Sa'an nan a dubi yadda aka auna abin da kowa zai kawo, domin a nan ne rahamar da ke cikin tsarin ta fi bayyana. A hadaya ta ƙonawa mai hali ya kawo bijimi, na tsakiya rago ko bunsuru, marar hali kurciya ko ɗan tattabara, nassin kuwa ya rufe bayanin kowannensu da kalma iri ɗaya ta karɓuwa, bai ƙara wa mai bijimi ko harafi ba. A hadaya don zunubi kuma ma'aunin juyawa ya yi, ya zama gwargwadon girman mutum gwargwadon nauyin kaffararsa: babban firist in ya yi kuskure bijimi zai kawo, daidai da abin da al'umma duka za ta kawo in ita ce ta yi kuskuren, shugaban jama'a bunsuru, mutum daga cikin talakawa akuya ko tunkiya. In wannan ta fi ƙarfinsa, tsuntsaye biyu. In tsuntsayen ma sun gagara, sai ya ɗebo garin alkama, kashi ɗaya cikin goma na ma'aunin da suke kira efa, abin da bai wuce kimanin mudu ba, ba mai ba lubban, ya kawo, firist ya damƙi cike da hannu ya ƙona, a gafarta masa kamar yadda aka gafarta wa mai bijimi. Ina roƙon mai karatu ya yi tunani a kan wannan: shari'ar da ta ɗauki jini da irin wannan girma, har ta hana cinsa hani mai tsanani, ita ce kuma ta yarda a karɓi gari busasshe daga hannun wanda ba shi da kome, don kada talauci ya tsaya tsakanin bawa da gafara. Kirista ba shi da uzurin mantawa da wannan sassauci, gama Luka ya ba da labari cewa sa'ad da Maryamu da Yusufu suka kai jariri Yesu Haikali a Urushalima, hadayar tsuntsaye biyu suka miƙa, wadda babi na 12 na Littafin Firistoci ya tanada wa macen da ba ta iya sayen ɗan rago.

Wanda ya san fada ya san abin da nake nufi. Fadar da take da ƙa'ida, wadda kowa ya san ranar da sarki yake zama jin ƙara, da zauren da ake jira, da inda ake tuɓe takalmi, ko mai tallan itace yana iya kai kukansa. Amma fadar da ba ta da ƙa'ida, sai wanda ya san wani bafade, ko yake da abin sa wa dogari a aljihu, shi ne zai ga sarki, sauran su yini a rana su koma. Rashin tsari bai taɓa zama 'yanci ga marar galihu ba.

Littafin Sama'ila na fari ya nuna mana haka a fili, a zamanin da alfarwa take Shilo, firist Eli ya tsufa, 'ya'yansa Hofni da Finehas suke riƙe da aikin. Mutum zai kawo hadayarsa ta salama, nama yana kan wuta a tukunya, sai baran firist ya zo da cokali mai yatsa uku ya caka, duk abin da ya fito da shi ya zama na maigidansa. Daga baya ma abin ya wuce nan, suka ce ɗanye suke so domin gashi, tun ba a ƙona kitsen ba, in mai hadaya ya roƙa a bari a fara ba Allah nasa tukuna, sai a ce masa ya bayar ko a ƙwace. A lura fa, wanda ya tuna da ƙa'ida a wannan labari talakan ne, wanda ya taka ta kuwa mai rigar firist. Sakamakon da nassin ya ambata shi ne hadayar Ubangiji ta wulakanta a idon mutane, ƙarshen al'amarin kuwa sananne ne: 'ya'yan biyu suka mutu rana ɗaya a yaƙin Filistiyawa, aka kama akwatin alkawari, Eli kuma, yana da shekara 98, ya faɗo daga kujerarsa da jin labarin, wuyansa ya karye.

Haka hukuncin yake tafiya kusan ko'ina a waɗannan littattafai, kan na kusa yake fara sauka. Nadab da Abihu, 'ya'yan Haruna na fari, suna cikin waɗanda suka hau Dutsen Sina'i tare da dattawa 70 suka ci suka sha a gaban Allah. Sun yi kwana 7 a bakin alfarwa ana keɓe su, an shafa musu jini a kunnen dama da babban yatsan hannun dama da na ƙafar dama. A rana ta takwas sun ga wuta ta fito daga wurin Ubangiji ta cinye hadaya, jama'a suka yi sowa suka faɗi rubda ciki. Bayan wannan duka ne suka ɗauki farantansu na ƙona turare suka kawo wutar da ba a umarce su ba, wuta kuwa ta fito ta cinye su, ubansu ya yi shiru, aka sa danginsu suka ɗauke gawawwakin zuwa bayan zango. Masu tafsiri sun daɗe suna muhawara a kan ainihin laifinsu, waɗansu suka ce buguwa ce, suna kafa hujja da cewa nan take aka hana firistoci shan ruwan inabi in za su shiga alfarwa. Amma abin da nassin ya tsaya a kai ɗaya ne, sun yi abin da ba a ce su yi ba, a wurin da ba nasu ba ne su ƙaga. Sarki Saul ya jira Sama'ila kwana 7 a Gilgal, ya ga mayaƙa suna watsewa, ya miƙa hadaya da kansa, sarauta ta fara zame masa tun daga ranar. Sarki Uzziya, wanda ya yi shekara 52 a gadon sarautar Yahuza, da ƙarfinsa ya kawo sai ya shiga Haikali zai ƙona turare, firistoci 80 suka bi shugabansu suka tsaya masa a gaba, kuturta ta fito masa a goshi, ya ƙare kwanakinsa a keɓe, ɗansa Yotam yana tafiyar da mulki. A zamanin da sarakunan maƙwabta, irin su Fir'aunan Masar, suke ɗaukar kansu shugabannin addinin ƙasarsu, a ce ga wani ɗaki a babban birnin sarki wanda sarkin ba shi da izinin shiga, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Labarin da ya fi damun masu karatu, ni ma ba na cewa ya zauna mini daram, shi ne na Uzza, wanda ya miƙa hannu ya tallafi akwatin alkawari sa'ad da shanu suka yi tuntuɓe, ya faɗi matacce nan take. Sarki Dawuda kansa ya husata, ya ji tsoro, ya bar akwatin wata 3 a gidan Obed-edom. Amma da ya koma ya bincika, bai ɗora laifin a kan marigayin ba, a kan shugabanni ya ɗora shi, har da kansa, domin shari'a ta ce Lawiyawa ne za su ɗauki akwatin a kafaɗa da sanduna, su kuwa suka ɗora shi a sabon keken shanu, dabarar da Filistiyawa suka yi amfani da ita a dā sa'ad da suka komo da shi. Manya ne suka zaɓi hanya mai sauƙi da ƙayatarwa, da taron mutum 30,000 da kaɗe-kaɗe, ƙarami kuwa shi ya tsinci kansa a inda bai kamata a ajiye shi ba.

Kada a ɗauka tsarin nan duk tsoro ne da faɗakarwa. Hadaya ta salama biki ce, kuma an sa mata wani sharaɗi da nake ganin hikimarsa ta fi ƙarfin zancen ruɓewar nama kawai: in ta godiya ce, sai a cinye naman a ranar, kada a kwana da shi, in ta wa'adi ce ko ta ganin dama, a iya kaiwa gobe, abin da ya kai rana ta uku kuwa wuta ce rabonsa. To, mutumin da ya yanka sa, aka ce masa ba kilishi, ba ajiya, kafin gari ya waye ya ƙare, me zai yi in ba ya aika a kira maƙwabta da barori da Balawen garin da duk mai wucewa ba? Ta haka godiyar mai arziki ta zama tuwon marar shi, ba tare da an yi masa wa'azin kyauta ba. Hadayar gari kuma ta shigo da madafa cikin sujada, gama an yarda a kawo ta gasasshiya a tanda, ko toyayyiya a kasko, ko dafaffiya a tukunya, muddin ba yisti ba zuma, kuma ba a manta da gishiri ba.

Amma a ganina babu ƙa'idar da ta fi cancanta a karanta wa ikkilisiyoyinmu da babbar murya kamar ta hadaya don laifi. Wanda ya ci amanar ajiya, ko ya yi ƙwace, ko ya zalunci ɗan'uwansa a ciniki, ko ya tsinci abu ya yi musu har da rantsuwa, ba a karɓi ragonsa haka kawai ba. Sai ya mayar wa mai haƙƙi da abinsa cif, ya ƙara masa kashi ɗaya cikin biyar a kai, a ranar da zai kawo hadayar. Wato bagade ba wurin wanke dukiyar haram ba ne, Allah kuma ba ya karɓar rabo daga kayan sata don ya kau da kai. Yesu bai sassauta wannan ba ko kaɗan, sai ma ya tsananta shi, da ya koyar cewa wanda ya iso gaban bagade da baikonsa, ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, sai ya ajiye baikon nan ya koma ya shirya da shi tukuna. Da za a bi wannan a yau, da baikon waɗansu manyan Lahadi ya ragu, da kuma 'yan fansho da leburori da marayu da dama sun ga kuɗinsu.

Na san abin da mai jayayya zai ce, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Zai ce ai annabawan Isra'ila da kansu sun yi tir da waɗannan hadayu: Ishaya ya ce Allah ya ƙoshi da su, Yusha'u ya fifita jinƙai a kansu, Sama'ila ya fifita biyayya, Amos makiyayin Tekowa kuwa, a ƙarni na takwas kafin haihuwar Almasihu, ya tsaya a Betel ya faɗa musu cewa Allah ya ƙi idodinsu, har firist Amaziya ya kore shi. Gaskiya ne, kuma gaskiya ne tsari yana iya zama ɓawo ba ƙwaya, mutum ya cika zahiri ya bar baɗini, ya fito daga sujada da zuciyar da ya shiga da ita. Sai dai a duba abin da annabawan suke tuhumar mutane da shi. Amos ya ce suna sayar da matalauci a kan kuɗin takalmi, suna kwanciya a gefen bagade a kan rigunan da suka karɓa jingina, suna kuma shelar baikonsu na ganin dama don a ji. Malakai, bayan komowa daga Babila, ya ce makafin dabbobi da guragu da marasa lafiya suke kawowa, ya ƙalubalance su su kai wa gwamna irinsu su gani ko zai karɓa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan keta shari'ar Musa ne, ba wuce gona da iri wajen bin ta ba. Littafin Firistocin nan da ya yi bayanin kitse da ƙoda, shi ne a babi na 19 ya hana a kwana da ladan ɗan ƙodago, ya hana algus a mudu da ma'auni, ya ce a bar kalar gona domin matalauci da baƙo, ya kuma umarci mutum ya ƙaunaci maƙwabcinsa kamar kansa. Annabawa masu kiran mutane ne su koma ga tsarin gaba ɗayansa, gama sun ga an riƙe rabin da yake jawo yabo an yar da rabin da yake cin aljihu.

'Yan'uwanmu Musulmi, waɗanda muke zaune tare muna cin naman sallarsu, ba za su ji wannan zance baƙo ba, domin malaman fiƙihu sun shimfiɗa wa layya sharuɗɗa makusantan waɗannan, ba a yi da mai ido ɗaya ko gurguwa ko marar lafiya ko ramammiya, kuma duk wanda ya ga sahun salla ya ga attajiri da ɗan dako kafaɗa da kafaɗa saboda ƙa'ida ta ce haka. Aƙidunmu a kan ma'anar hadaya sun bambanta, ba kuwa na ɓoye wannan, amma a kan cewa ba a zuwa gaban Allah yadda aka ga dama, ina tsammanin babu saɓani.

A wurin Kirista yanka ya ƙare. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta yi dogon bayani cewa abin da babban firist yake yi shekara-shekara a Ranar Kafara, ran goma ga wata na bakwai, sa'ad da yake tuɓe kayan ado ya sa farar lilin ya shiga bayan labule da jini, Almasihu ya yi shi sau ɗaya tak da jinin kansa. Masu Bishara sun shaida labulen Haikali ya tsage daga sama har ƙasa a lokacin mutuwarsa. Haikalin kansa kuma rundunar Roma a ƙarƙashin Titus ta rushe shi a shekara ta 70. Saboda haka duk mai ce wa Kirista ya kawo rago ko kuɗin rago domin a karya masa wata la'ana, ya sani kasuwa yake ci, ba Bishara ba. Amma buɗewar ƙofa ba ta kawar da ladabin shiga ba, shaida kuwa ita ce ikkilisiyar Koranti, wadda Manzo Bulus ya zauna a cikinta shekara ɗaya da rabi, wadda ba ta rasa wata baiwa ba, amma taronta ya zama hargitsi. A wurin Jibin Ubangiji masu hali suna riga zuwa su ci su sha har su bugu, marasa hali kuwa su tarar an share kwano; a wurin addu'a kowa yana magana a lokaci guda, baƙon da ya shigo sai ya zaci mahaukata ne. Maganin da Bulus ya ba su na lissafi ne ƙarara: su jira juna wajen ci, masu magana da harsuna biyu, in sun yi yawa uku, bi da bi, da mai fassara, in babu mai fassara su yi shiru, in aka yi wa na zaune wahayi, na tsaye ya dakata. Wa wannan ƙa'ida ta tsare? Wanda ya makara saboda aikin wani, da wanda muryarsa ba ta da ƙarfi, da baƙon da bai san kowa ba.

Ba ina kira a mai da majami'unmu kamar makabarta ba ne. Dawuda ya yi rawa da iyakar ƙarfinsa a gaban akwatin alkawari a karo na biyu, sa'ad da aka ɗauke shi bisa ƙa'ida, Zabura kuma ta ƙare da ƙaho da molo da ganga da kuge. Zumuntar mata in ta tashi da tulu da kacau-kacau, ni ban ga abin da ya saɓa wa tsari ba, balle ma su ne suka fi kowa sanin wa zai ba da waƙa wa zai amsa. Abin da nake ƙi daban ne. Ina ƙin ranar godiya ko ta neman gudunmawar gini da za a riƙe lasifika ana kiran masu bayarwa daga mai miliyan zuwa ƙasa, kowa da tafin da ya dace da kuɗinsa, har a iso kan gwauruwar da ta ƙullo ɗari biyu a bakin zane lokacin da mutane sun gaji da tafi, alhali irinta ce Yesu ya zauna daura da baitulmalin Haikali ya yaba. Ina ƙin a tsai da wa'azi domin wani babba ya iso a makare, a tashi wani daga kujerar gaba a ba shi, abin da Yakubu ya kira tara a wasiƙarsa tun ƙarni na fari. Ina ƙin addu'ar da aka yanka wa farashi, da man shafawa mai daraja-daraja, da sujadar da ba wanda ya san lokacin tashinta sai mai riƙe da makirufo, mai jego da mai ciwon suga da ɗan acaɓan da zai nemi abincin yini suna zaune suna jiran ya ga dama. Sau da yawa in aka yi magana sai a ce kada a ɗaure Ruhu. Amma abin mamaki, wannan Ruhu da ake faɗa bai taɓa bishe su ga gajarta jawabin shugaba ko ɓoye sunan mai bayarwa ba.

Gyaran ba ya bukatar babban taro, dattawan kowace ikkilisiya suna iya yinsa a zama ɗaya. A sanar da jama'a tsarin sujada da lokacinta, a kuma tsaya a kai ko wa ya zo. A daina ambaton adadin abin da mutum ya bayar. Albashin fasto da haƙƙoƙinsa su zama a rubuce, a biya shi su cif a kan kari, domin shari'ar da ta hana firist ƙari ita ce ta wajabta a ba shi ƙirji da cinya, kuma mai aikin da aka bari da yunwa an tura shi ga cokali mai yatsa uku. Baiko da zakka kuwa a ƙirga su a gaban shaidu, a karanta lissafinsu a gaban ikkilisiya. Bulus, sa'ad da yake tara gudunmawa domin matalautan Urushalima, ya ce wa Korantiyawa kowa ya riƙa ware nasa a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, don kada a yi tarin kuɗi in ya zo, su kuma zaɓi amintattun da za su kai. A wasiƙarsa ta biyu ya bayyana cewa akwai ɗan'uwan da ikkilisiyoyi suka naɗa ya yi tafiya tare da kuɗin, domin kada wani ya sami abin zargi. Shugaban da ya ga wannan sharaɗi ya yi masa ƙunci, sai ya tashi a taron dattawa ya bayyana musu dalilin da ya sa ya fi Manzo Bulus cancantar a amince masa ba shaida.